Ranar Da Inuwata Ta Koma Baya

Har yau ban manta da wata azahar da na yi a ƙasar Zambiya ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina ƙaramin injiniya, kamfaninmu ya ɗauke ni daga Suleja ya tura ni can in kafa wa wani asibitin ƙauye wutar sola. Aikin wutar ɗaya ne: ta riƙe firjin allurar rigakafin yara. In firjin ya yi ɗumi, allurar ta lalace.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, farantin sola ana karkata shi ne ya fuskanci inda rana ta fi bi. A nan gida kudu muke juya shi. Na kafa a Madalla, na kafa a Maje, har hannuna ya saba. Da na isa can sai na ɗauko kamfas, na'urar nuna arewa da kudu, na juya farantan kudu, na sauko ina jin kaina gwani.

Kwana huɗu batir bai cika ba. Sista Mutale, mai kula da asibitin, ta tare ni.

"Injiniya, firjin nan ya fara ɗumi. Jibi iyaye mata za su kawo yara."

Na duba waya, na duba batir, komai lafiya. Hankalina ya tashi, ga kewar gida ta dame ni. Na shimfiɗa dadduma a bayan asibitin. Alƙiblar can arewa take. Da na sallame sai na zauna, ina ganin Dutsen Zuma a raina, da tsakar gidanmu, da mahaifiyata tana shanyar kuɓewa. Can na ji rana na dukan goshina. Na waiga, sai ga inuwata a kwance a bayana, ta miƙe kudu.

Ashe a can rana ta arewa take bi. Kunya ta kama ni. Na hau rufi na juya farantan, washegari da la'asar firji ya yi sanyi.

Da na faɗa wa Sista, dariya ta yi. "Ai da ka tambayi matan da ke shanyar rogo, da sun nuna maka."

To ku da kuke tasowa a wannan aikin, kamfas bai yi mini ƙarya ba, arewa da kudu kawai ya sani. Shi ya sa kuke gani duk inda muka je aiki, kafin in buɗe akwatin kaya, sai na tambayi matar gida inda take shanya.