Jirgin Mai Agogo

Gwaggo, yayar mahaifina, tela ce. Shekara arba'in da wani abu ta yi a kan keken ɗinki, a ɗakin da ke kallon titi, har katakon da take takawa ya lotsa. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta da haƙuri da duk abin da ba ta ga amfaninsa ba. Mijinta gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, don haka kowa Mai Agogo yake ce masa, har mu 'ya'yan dangi. Shi ne mai barkwancin gidan. Yakan ce tunda ya auri mace mai almakashi, ya daina musu.

Yana da shekara sittin da uku ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a rumfa, da agogon wani a hannunsa. Ya tashi, amma hannun dama ya yi nauyi, idon dama kuma ya rage gani. Mutumin da ke ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba, sai ga shi ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu. Babban ɗansu, wanda nake kira Yaya, ya aiko daga garin da yake aiki da wata tsohuwar na'urar wasa, irin wadda ake jonawa da talabijin, da kaset guda ɗaya.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ɗan ƙaramin jirgin sama ne a ƙasan allo, ƙasa tana gangarowa daga sama kamar ana jan yadi, jiragen abokan gaba suna zubowa suna harbi. Kai kuma ka kauce, ka harba, ka tara maki. Rai uku ake ba ka.

"Da tsufana a mai da ni matuƙin jirgi," in ji Mai Agogo. "Ko keke ban iya ba."

Amma ya riƙe wasan. Kullum da hantsi, in Gwaggo ta hau keke, shi ma sai ya zauna gaban talabijin. Saboda idon, jirginsa gefen hagu yake bi, kamar mai tafiya a jikin bango. Saboda yatsan kuma, harbi uku yake yi ya huta, ya sake uku. Gwaggo ta ce ƙarar tana hana ta lissafin awo. Ya ce ai kekenta ya fi jirginsa ƙara, shekara arba'in bai kai ƙara ko'ina ba.

Shekara biyu ya yi a haka, ciwon ya dawo, bai tashi ba.

Wajen wata uku da rasuwarsa, wata safiya Gwaggo ta kira ni a waya. Muryarta ba ta rawa, amma ban taɓa jin ta haka ba. "'Yar nan, in kin samu sarari ki zo yanzu." Na bar aiki na tafi.

Na same ta tsaye a falo da tsumman goge ƙura a hannu. Wajen share-share ta taɓa na'urar ta kunnu, ta bar ta ta ci gaba da aikinta. Da ta juyo sai ta ga jirgin yana tafiya. Abin dannawar yana kan tebur, ba mai riƙe da shi.

"Duba," ta ce.

Na duba. Jirgin yana manne da gefen hagu. Ya yi harbi uku, ya tsaya. Ya sake uku. Na nemi kujera na zauna.

Muka kira Yaya. Ya bayyana mana: kaset ɗin yana adana wasan wanda ya fi kowa maki, in aka bar na'urar a kunne ba a taɓa ba, sai ta maimaita shi. "Mama, ba wani abu ba ne. Wasan Baba ne da ya fi kyau, shi take nunawa."

"Na ji," in ji Gwaggo. Da ta ajiye wayar ta ce da ni, "Na san ba shi ba ne. Amma hannunsa ne."

Daga ranar, kullum da hantsi sai ta kunna. Minti goma sha ɗaya ne tafiyar. Ta san kowace kwana. Akwai wani wuri a ƙarshe, inda jirgin ke shiga tsakanin duwatsu da ransa na uku, sai kawai ya tsaya cak a fili, bai kauce ba, bai harba ba, har harsashi ya same shi. Sau da yawa ina ganin tana kawar da kai kafin a kai wurin. Wata rana na tambaye ta.

"Ni ce," ta ce. "Ni na kira shi. Ya bar kofin shayi a kan yadin mutane, na ɗaga murya. Ya juyo yana kallona. Wannan tsayuwar, ni yake kallo."

Na ce ai ba laifi ba ne. Ta ce ta sani, ba laifi take nema ba, so take ta tuna abin da ya ce mata a lokacin, kuma ya ƙi zuwa.

Ban san ranar da ta fara wasan da kanta ba. Na dai zo na tarar da ita da gilashi a kan hanci, tana dannawa. Hannun tela ne, bai daɗe ba ya saba. Cikin 'yan watanni ta fi mijinta iyawa nesa ba kusa ba. Amma tana sa ido a kan makin, da ta ga ta kusa nasa sai ta ajiye abin dannawar a cinya, ta bari a harbo ta. Yaya ya riga ya faɗa mata cewa duk wanda ya wuce makin, wasansa ne zai hau kan na baya.

Shi da ya faɗa, shi ya manta. Ya zo hutu da matarsa, Gwaggo ta fita sayen zare, ya zauna ya ɗauki wasan don rage lokaci. Ina kicin da matarsa muka ji ya yi wani irin sauti. Muka fito muka same shi ya dafe kai. Ya wuce duwatsun, ya wuce makin mahaifinsa bai lura ba.

Da Gwaggo ta dawo ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata, babban mutum da furfura a gemu, yana hawaye. Ta ajiye ledar zaren. Ta ce a kunna. Muka jira. Jirgin ya fito a tsakiyar allo, yana tsalle dama da hagu, yana ɓarin wuta ba tsayawa.

Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta dafa kansa ta ce, "Tashi. Kai ma ai nasa ne." Ta shiga ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa. Ba mu ji ƙarar keke ba har yamma.

Yaya ya kai kaset ɗin wurin masu gyara har uku, duk suka ce abin da ya goge ya goge. Gwaggo ta yi wata guda ba ta kunna na'urar ba. Ta rame a lokacin, kuma ta ɓata wa wata mata riga, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sai wata Asabar na zo na ji ƙarar harbi tun daga ƙofar gida. Tana zaune, ta jawo wata kujera kusa da tata, ba kowa a kai. Yanzu babu makin da take tsoro, don haka ba ta tsaya ba. Ta wuce duwatsun, ta wuce inda Yaya ya kai. Allon ya buɗe ya zama shuɗi.

"Ashe teku ne a bayansu," ta ce, a hankali, ba da ni take ba. "Ga jiragen ruwa. Ga wani tsibiri can, da hasumiya a kai."

Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a hannu, ban yi sallama ba sai da ranta na ƙarshe ya ƙare.

Bana ta cika saba'in. Ta bar ɗinki saboda zare ya daina shiga mata allura, amma tana ganin talabijin in ta matso kusa. Ta ce bayan tekun akwai wani gari mai ƙanƙara, kuma har yanzu ba ta samu hanyar wuce shi ba.