Daga Aji Sai Masallaci, In Ji Baba

Jama'a, ga sandar Baba a hannuna, shi kuma yana tsakiyar fili yana juya ƙugu!

Kulob ɗin tsofaffi na unguwarmu, Abbey Wood, ya shirya liyafa da rawa jiya. Aka ce kowa ya yi shigar shekarun saba'in, zamanin da kuɗin mai ke kawo ɗalibai London. Ni na yi wa Baba da Mama booking, don su ɗan sha iska.

Bawan Allahn nan da magana ɗaya ya raine mu: "Ni da na zo karatu, daga aji sai masallaci." Da ita ya hana ni zuwa ko bikin gama makaranta.

Ana sakin kiɗan da, ya miƙo min sandar. Wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, gwiwar da kullum muke kaiwa asibiti ta warke nan take. Wata tsohuwa 'yar Jos ta rangaɗa guɗa: "Sule, ashe ƙafar tana nan!"

Sule fa! Ba Alhaji ba.

Na juya wajen Mama. "Mama, ba daga aji sai masallaci ba?"

Ko ɗago kai daga farantinta ba ta yi ba. "Ke a sahun sallah kika zaci na tsince shi?"

Yanzu haka yana kwance ana shafa masa man zafi, ya ƙi haɗa ido da ni.

A cikinku wa ya taɓa kama nasa tsohon haka?