Motar Bahago

A ɗakin kakata ba a sauraren tatsuniya hannu sake. Doka ce, kuma duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga dokar lakwal, wato makarantar boko, da aka bi kamarta ba. Iya Tadungu muke ce mata, don daga Dungu aka kawo ta Matameye. Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, sai ta hura wuta a tsakiyar ɗaki, ta jawo damin karan dawa ta zube mana. A ɓare ɓawon siri-siri, a yanka totuwa, wato laushin nan na cikin kara, a soka a haɗa. Mata su yi ƴar tsana, maza su yi mota. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ma ya tsaya, sai kowa ya juyo ya harare shi.

Ni kuwa bahago aka haife ni, kuma a gidanmu ana kallon wannan kamar ciwon da ake warkarwa da bayan ludayi. Inna ta ƙwanƙwashe ni wajen cin abinci, Baba ya sa aka ɗaure mini hannun da ƙyalle, malaminmu na lakwal, da muke ce wa mushe, ya ƙarasa sauran da sanda. Ina shekara bakwai na wayi gari da hannu biyu marasa amfani: ɗaya an hana shi, ɗaya bai iya ba. Na hagun ya koma zama a hammata. Motocin da nake yi da dama kuwa, yayata Ramatu takan ɗaga ta ce, "Wannan mota ce ko akurki?" Har na fara ƙirƙiro barcin ƙarya don kada in shiga ɗakin. A raina na gama yanke shawara: na bar kara, na bar tatsuniya.

Ranar da nake son ba da labari, Ramatu ce ta jawo ni da ƙarfi, wai Baba zai zo sallama. Washegari zai tafi cin rani Kano, sai kuma damina. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Iya, ya zauna bakin ƙofa. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta matsu sai ta ce "wancan". Mu muna ganin haka ake zama da kowane uba.

Na ɗauki kara da hannun dama, na ja ɓawo, ya tsaga mini yatsa. Na cusa a baki ban yi kuka ba. Iya ta gani. Ta gyara itace, ta ce, kamar kullum, "Ga wata nan tafe ba takalmi."

Muka ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wai wasu ƴan'uwa biyu ne gida ɗaya, Dama da Hagu. Dama shi ke cin tuwo, shi ke gaisawa da baƙi, shi ke karɓar goro. Hagu kuwa nasa fyace majina da ɗaukar buta. Bai taɓa gunaguni ba, sai ranar da ya tsinko fure ya miƙa wa uwarsu, ta doke shi, ta ce ba a miƙa abu da shi. Sai Hagu ya naɗe, ya shige hammata, ya ce shi da fitowa har abada. Dama ya ce ta fi nono fari, gida ya zama nasa. Ranar kasuwa ta zo, maigidansu ya sa sabon wando. Dama ya kama mazagi zai ɗaure, ya ja nan, can ya zame. Ya ja can, nan ya zame. Ya dai cusa shi haka nan. Ana tsakiyar cinikin akuya, wando ya sauka har idon sawu.

Muka kwashe da dariya, har Ramatu ta taka ƴar tsanarta. Iya ta jira muka lafa. Ta ce uwar ce ta je bakin hammata da kanta, ta tsaya. Ba ta iya cewa ya yi haƙuri ba, don uwa ba ta faɗin haka. Sai ta ajiye masa kara a ƙofa, ta juya baya, tana sauraro ko za ta ji motsi.

Ramatu ta ce, "To ya fito?"

"Ban sani ba. Nan na ajiye ta, wanda ya tsinta tasa ce."

Ba mu taɓa jin tatsuniyar da ta ƙare haka ba. Muna shirin ƙorafi, sai Iya ta miƙo hannu ta zaro nawa na hagun daga hammata, ta ɗora mini ƴar wuƙarta a ciki. Ta ce, "Angona, yi mini mota. Na gaji da zuwa Dungu a ƙasa."

Baba ya yi gyaran murya. "Iya, da ƙyar fa muka fara shawo kansa."

Ta dubi wuta. "Ramatu, tambayi wancan, tuwo ake ci a nan?"

Ramatu, da ba ta san kunya ba, ta juya ta ce, "Baba, wai tuwo ake ci a nan?"

Iya ta ce, "Ki ƙara gaya masa, na san wani yaro a gidan nan da ya taɓa yin mota mai ƙofa, tana buɗewa tana rufewa. Mutane suka yi magana, uwarsa ta ɗaure masa hannu rani da damina. Ya gyaru sarai. Motar ce dai ba a sake gani ba."

Wannan karon Ramatu ba ta isar da saƙo ba. Can Iya ta sa ƙafa ta tura kara ɗaya wajen ƙofa. Ta ce, "Kuma ɗakin nan ba a zama hannu sake, ko da gemu."

Baba ya daɗe yana kallon karan. Da ya miƙa hannu, na hagu ne ya tafi. Ya ɓare ɓawon a ja ɗaya, tun daga gaɓa har gaɓa, bai tsinke ba. Ya matso kusa da ni, abin da ban saba gani ba, ya sa aka kawo sakaina ya fafe ƙafafu huɗu. Ni ina yanka totuwa, yankan yana fita daidai, har ina mamakin kaina. Da muka zo haɗa ƙofa na kawo hannun dama don ladabi. Ya ce, "A'a. Da wancan."

Motar ta yi rani guda ina jan ta da zare, kafin akuya ta cinye rabinta. Tuwo da gaisuwa har yau da dama nake yi, kamar kowane ɗan mutunci. Alli kuwa da hagu na riƙe shi har na bar aji, kuma ban taɓa dukan yaro a kan hannu ba, ko da yake na sami wasu dalilan.

Shekaru da yawa ina ɗauka don ni aka yi tatsuniyar nan. Mai karatu yana da wannan lalurar, duk labarin da ya ji sai ya ga kansa a tsakiya. Sai bayan Iya ta rasu, Baba ya tsufa ya daina zuwa Kano, na tarar da shi wata la'asar a zaure, jikoki sun kewaye shi, kara zube a gabansa. Na zauna na ɗauki ɗaya, don doka ba ta mutu da mai ita ba. Na ce, "Baba, wai Iya ta taɓa ba ka haƙuri a kan ɗaurin nan?"

Bai ɗago ba. Ya soka ɓawo a totuwa, ya gwada ƙofar, ta buɗe ta rufe.

Ya ce, "Ai kana wurin."