Ranar da Baba Mai Rediyo Ya Haɗa Wufa

Shekara arba'in Baba Mai Rediyo yana gyara a teburi ɗaya, cikin wani shago mai warin dalma. A da, kafin ka sauke rediyonka daga kafaɗa ya gaya maka ciwonta, da jin kukanta kawai. To, kunnen nan ne ya fara mutuwa, shi kuwa ya ɓoye. Bakin mutum yake kallo ya gyaɗa kai. Mai shagon, ɗan marigayi amininsa, ya daɗe yana so ya ba wani mai gyaran teburin, nauyin Baba kawai yake ji. In shagon ya kuɓuce masa, Baba ba shi da inda zai nufa da safe.

Wata Laraba wata malamar makaranta ta shigo rungume da tsohuwar amfilifayar mahaifinta, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ga kuma sabuwar wufa, akwatin nan mai sa kiɗa ya yi gurnani.

"Baba, ko'ina na kai sai a ce ba ta da ramin wufa. Don Allah a lallaɓa ta, ita kaɗai ya bar mini."

"Yaran zamani ke nan, sai sun ga rami," in ji Baba. "Daga wayoyin sifika ake ja, 'yata. Zauna."

Aiki kam ya iya. Ya feƙe wayoyi, ja ga ja, baƙi ga baƙi, ya ɗaure. Sai dai silin waya ɗaya, siriri kamar gashi, ya karkace ya taɓa maƙwabcinsa. Da ya kunna, sifikar da ya jona ta hau wata irin ƙara. Baban da, tun a nan zai fizge soket. Na yau bai ji komai ba. Ya ɗora tafinsa a kan wufar yana jiran motsi, ya ji shiru, ya ƙara murya. Ya sake ƙarawa.

Malamar ta miƙe tana ihu: "Baba, kashe! Kashe!" Ina! Ya ba ta baya. Tela na shagon kusa har ya leƙo. Sai da ƙauri ya bugi hancin Baba sannan ya ga hayaƙi yana fita ta ramukan murfin amfilifayar. Malamar ba ta zage shi ba, wallahi da ta zage shi da ya fi sauƙi. Ta naɗe amfilifayar a mayafinta da zafinta, ta fita tana kuka.

Baba ya zauna yana tsince guntayen waya. Mai shagon ya tsaya a bayansa, ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Gobe ba sai ka zo ba."

Baba bai juyo ba. Mai shagon ya maimaita da ƙarfi, har sau uku. Dole ya zagayo gaban teburin, ya durƙusa daidai fuskar tsohon, ya sake faɗa a hankali don Baba ya ga bakinsa.