Malama Ikilima, wadda ta hana ni lambar sirri

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Malama Ikilima Usmanu take sauka daga motar Gezawa, ta bi ta tsakanin gonakin dawa zuwa ɗan ofishinta. Kafin ta sha ruwa sai ta duba abu uku a kwamfuta: wa aka ɗauka aiki, wa ya tafi hutu, wa ya bari. Sabon ma'aikaci ta buɗe masa ƙofa daidai aikinsa. Wanda ya bari ta rufe tasa a ranar, ko da surukinta ne.

Ƙananan asibitoci shida ne a ƙauyukanmu ƙarƙashin wata ƙungiya. Bayanan marasa lafiyarsu ba sa cikin kabad yanzu, suna can a intanet, kuma duk mai lambar sirri zai iya karanta su ko daga Legas. Shekara ashirin Ikilima ta yi tana riƙe makullin ɗakin katuna, sannan shekara tara tana riƙe na intanet ɗin. A watan nan za ta ajiye aiki.

Mu a nan aron lambar sirri muke kamar aron turmi. Ungozoma za ta tafi Makka, sai ta bar wa abokiyar aikinta tata. Wani ya rubuta tasa a bayan kalanda. Wanda ya ƙi bayarwa a ce marowaci ne. Ikilima ta kashe wannan al'ada. Ta sa dole sai wata lamba ta shigo wayarka kafin ka shiga. Malam Sama'ilu mai ba da magani ya shaida mini cewa ranar da ta cire kalandarsa ya ce mata, “Yaya, sai ka ce gidan soja?” Ta ce, “Gidan soja ai bindiga kawai suke ɓoyewa.”

Ga inda kunyata take. Shekara biyu da suka wuce na dawo daga jami'a ina jin ni ne zan gyara Arewa. Na ji ana cewa ana sakaci da masu ciki a ɗaya daga cikin asibitocin, sai na tafi wurinta neman hujja. Na ce ta ara mini lambar wata nas da ta yi ritaya, minti goma kawai.

Ta ce, “Ɗana, kai ma'aikacinmu ne?”

Na ce a'a, amma don talakawa nake yi.

Ta ce, “Talakawan ne suka aiko ka ka karanta gwajin jininsu? Digirin naka bai zo da makulli ba. Ka rubuta ƙorafi, ni zan kai da hannuna.”

Ban rubuta ƙorafi ba. Na hau shafina na zumunta na kira sunanta, na ce tana rufa wa azzalumai asiri. Mutum ɗari huɗu suka yaɗa. Aka tuhume ta, aka dakatar da ita wata uku. Da ta buɗe shafi ɗaya ta nuna wa jama'a, da ta wanke kanta a rana guda. Ba ta buɗe ba, don kowane shafi sunan 'yar wani ne, da cutarta, da cikin da ba ta gaya wa kowa ba tukuna.

Bayan ta dawo ne yayata Humaira ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, “Sarkin gyara, ka san ina cikin waɗanda ka so ka karanta? Wata uku ban je awo ba, don ban san wa ke zaune a kujerarta ba.” Na goge rubutun a ɓoye, kamar ɓarawon da ya mayar da akuya, ban taɓa zuwa na ba ta haƙuri ba.

Inna Ikilima, ke ce katangar da muka jingina da ita muna zaginta. Ke ce kika san cewa mace ba za ta kawo ciwonta inda ƙofa ba ta rufuwa ba. A bainar jama'a na ɓata miki suna, don haka a bainar jama'a nake roƙo: ki yafe mini. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma ma'aikata, duk wanda ya san yana riƙe da lambar wani, ya je gobe a canja ta. In ɗan gari mai zafin kai irina ya zo muku da kyakkyawar niyya, ku hana shi kamar yadda ta hana ni. Humaira na da awo ranar Laraba, kuma ta ce ba za ta je ba sai ta ga wanda aka ba kujerar Ikilima.