Talatar Rakiyatu

Na fara ganin Rakiyatu ran Talata, 14 ga Nuwamba, 2006, tana da kwana bakwai a duniya. Ranar sunanta ce, a gidan Mika'ilu mai sayar da atamfa a Kasuwar Assihar, wanda rumfarsa ke jikin teburin da nake rubuta wa mutane wasiƙu. Ina da tabbacin ranar saboda tun muna lekkol, makarantar mishan a Maradi, aka koya mana kada rana ta faɗi ba mu rubuta kwanan wata da layi uku ba. Ban daina ba har na tsufa.

Ta girma tsakanin rumfar ubanta da teburina. Ina ce mata amaryata, tana ce mini tsoho mai rowar tawada. Doguwa ce tun tana ƙarama, kuma tsayin nan ne ya kusa cutar ta. Takardar haihuwarta ta ɓace a ruwan da ya shiga gidansu a unguwar Tahaggart, sai Mika'ilu ya yi mata wata a Damagaram. Shaidu suka sa ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, yadda ake ƙiyasta shekarun yaro, suka ga ya kai har ya wuce, aka rubuta an haife ta "wajen 2005". Ba wanda ya damu.

A shekararta ta ƙarshe a lise, wato sakandare, ta shiga neman tallafin karatu. Injiniyan ruwa take son zama, ubanta kuwa ba shi da ƙarfin riƙe ta a Alje, babban birnin ƙasar nan, shekara biyar. Kullum bayan la'asar tana shagon intanet. Wurare goma sha ɗaya ta samo. Tara na 'yan ƙasa ne kawai, mu kuwa baƙi ne a nan; ɗaya ya rufe. Saura wata ƙungiya guda mai karɓar 'ya'yan baƙi, amma sai wanda bai cika sha tara ba. A takarda ita tana da ashirin.

Ta je likita, asibitin da aka haife ta. Mai buro, ma'aikacin da ke riƙe da rajistar haihuwa, ya ce littattafan suna nan, amma ba zai buɗe na shekara biyu shafi shafi ba, sai ta kawo rana. Uwarta Tani ta ce Talata ce. Mika'ilu ya ce lokacin sanyi ne, shekarar da ya sauya rumfa.

"Baba, sau huɗu ka sauya rumfa," in ji ta.

Ta zo wurina ido ya yi ja. A lokacin yanar ido ta rufe mini gani, wata uku ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

"Amarya, wa ya taɓa ki?"

"Tsoho, yau ba wasa. An ƙara mini shekara biyu, za su cinye ni."

"To, na huta. Da ma kin yi mini ƙuruciya."

Ta yi dariyar dole. Na ce ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, inda nake ajiye littattafan da nake rubuta layi ukun nan. Ita ta yi karatun, tun da ni ba na gani. Muka ƙare 2005 ba ta ciki. A littafi na biyu na 2006 ta ci karo da sunanta, ta karanta a hankali: "Sunan ɗiyar Mika'ilu, Rakiyatu. Ragon ramamme ne. Jaririyar tana da ƙarar murya."

"Ramamme?" in ji Mika'ilu daga bakin ƙofa. "Malam Illo, kai ka ci cinya!"

Muka cire kwana bakwai, ya ba mu 7 ga Nuwamba. Washegari mai buro ya buɗe shafin, ga sunan Tani, ga awon jaririya. Gyaran takardar ya ci mako biyar, ta aika da komai saura kwana biyu a rufe. Amsa ta zo bayan ta ci bak, jarrabawar gama lise: an karɓe ta. Ran nan Mika'ilu ya zauna kan dilar atamfa, yana ta maimaita alhamdu lillahi.

Daga ranar akwatin har tafiyarta, kullum sai ta biyo ta wurina da yamma ta tambaye ni, "Tsoho, yau me aka yi?" In ba ta labarin iska da baƙi da wanda ya rasu a gida. Na ɗauka hira ce kawai.

Ta tafi Alje a Satumba. A Oktoba aka yi mini aikin ido. Da aka cire bandeji na jawo littafina, ina jin kunyar fararen shafukan da zan tarar. Wata ukun farko ne kaɗai babu komai. Daga nan har ranar tafiyarta kowace rana tana da kwanan watanta da layi uku, da rubutun da ba nawa ba, an ja layi da rula a ƙarƙashi yadda nake yi. Na ƙarshen ya ce: "Rakiyatu ta tafi. Tsoho ya ce ƙura ce ta shiga idonsa."

Na ɗauki alƙalami na ci gaba daga nan.