Shanun Iya da babur ɗin Baba

A gidanmu na Furana, idan an sauke tuwon dare, Iya mahaifiyar Baba ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura karan dawa, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Baba kuwa yana hanya, yakan kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi a kan babur ɗinsa mai silinda biyu. Ni ce nake fara jiyo ƙararsa tun daga rafi, shi ya sa Iya take ce mini mai kunnen zomo.

"Ga wata nan tafe da ƙafarta," haka take buɗewa. Mu ce ta shigo, akwai wuri.

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana, ta wani manomi mai shanun huɗa biyu da aka haifa rana ɗaya. Wata shekara sai kunyarsa ta riƙa karkacewa. Ya zargi garma, maƙeri ya ce lafiyarta lau. Ya zargi karkiya, ya sassaƙa sabuwa, ba ta canja ba. Sai wata tsohuwar Bafillatana ta ce ya kwance su, ya tara tafin hannunsa a hancin kowanne. Na dama numfashinsa ya ture hannun. Na hagu kuwa kamar na ɗan tsako. Tsohuwar ta ce idan ya ci gaba da haɗa su, mai ƙarfin zai ja nauyin biyu har ya faɗi. Idan ya raba su, mai ƙarfin ba ya cin ciyawa sai da ɗan'uwansa. Ga ruwa ya sauka. Sai manomi ya ɗauki igiya…

Nan nake jiyo babur. Mu watse a guje, don Baba ba ya dawowa hannu sake. Idan mun komo da zaƙi a baki muka ce ta ƙarasa, sai ta ce, "Ni ba na ɗinka tatsuniya daga tsakiya. Wadda aka yanke, sai daga fari, sai kuma wata rana." Wata ranar ma a wurin igiyar nan ake yankewa. Har Iya ta rasu ban ji ƙarshenta ba.

Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, na dawo gida ina jinyarsa. Magana ta ƙi fita, abinci ma sai da lallashi. Abu ɗaya yake nunawa da hannunsa mai lafiya, babur ɗin da ya daɗe a jingine a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Na gane so yake ya ji ƙararsa.

Na aika Ikara aka kira Yohanna bakanike, wanda ubansa ne yake gyara wa Baba a da. Ya wanke, ya zuba mai, ya buga kik har ya jiƙe da gumi. Sai tari kawai. Ya kwance fulogi biyun, ya toshe ramin dama da babban yatsa, ya buga. Iska ta ture yatsan da ƙara. Ya koma na hagu, sai wani ɗan huci.

"Yaya Lami, sa yatsanki ki ji," in ji shi. Na sa. Na san wannan numfashin tun ina yarinya.

Ya ɗiga baƙin mai a ramin hagu, ya ce idan iskar ta ƙaru to ringi ne, wato zoben cikin silinda, ana samu. Ba ta ƙaru ba. Da ya buɗe kan injin, bawul ɗin da ke tare iska a ɓarin hagu ya ƙone, mazauninsa ya tsage. Ya zaga Ikara da Kudan da Makarfi, har Zariya, kowa ya ce an daina irinsa. Ya ce zai iya tada shi da ɓari ɗaya, amma mai lafiyar zai ja mataccen, ba zai daɗe ba. Ya tsaya yana jiran abin da zan ce. Ni kuwa ga ni kamar manomin Iya, tsaye da igiya a hannu, ba wanda ya taɓa gaya mini abin da manomin ya yi.

Na ce ya tada.

Muka fito da Baba bakin zaure. Babur ya kama, yana ɗingishi, bugu ɗaya sai gurbi, bugu ɗaya sai gurbi. Ba muryarsa ba ce, kunnena ya sani. Na kasa duban Baba. Da na duba, idonsa a rufe, hannunsa mai lafiya yana buga gwiwa daidai inda bugun ya ɓace.

Yanzu nakan zauna gaban murhun nan in yi ta juya abin. Anya Iya tana da ƙarshen tatsuniyar? Ina jin kunnenta ya fi nawa. Ɗanta take jira a hanya, tana jan zancen a hankali, ba ta barin manomi ya ɗauki igiya sai ta jiyo babur ya hauro rafi.